Dokina yana wurga kai yana buɗe baki, wane linzami zan sa mishi kuma ya ake ɗaura igiyar horo?

"Assalamu alaikum Baba, dan Allah ina da tambaya. Na sayi duƙushi nan Damagaram, wanda ya saida min ya ce shekararshi uku da rabi kuma an ɗan fara hawanshi. Matsalar ita ce da na ja kamazuru sai ya wurga kai sama ya wangale baki, wani lokaci har ya nemi miƙewa tsaye. Na je wajen maƙeri ya ƙera min linzami mai nauyi mai zobe irin na hawan sallah, abin sai ƙaruwa ya yi, jiya ma na ga jini a miyaunshi. Wani abokina ya turo min bidiyo a WhatsApp na turawa suna ɗaura wata igiya daga majayi zuwa linzami, kan dokin ya lanƙwashe ya yi kyau. Wane linzami ya kamata in saya, kuma ya ake ɗaura igiyar nan? Ina so in hau shi a hawan sallah mai zuwa."

Wa'alaikumus salam ɗana, Allah ya sa albarka a dokin. In na fahimce ka, abu biyu kake nema, linzamin da zai sa dokin ya daina wurga kai da igiyar da za ta riƙe kan a ƙasa. To ni kuma kafin mu je can akwai abin da ka faɗa a tsakiyar magana kamar ba komai ba, jinin nan da ka gani a miyau, shi ne babbar maganar. Yau ɗin nan ka cire mishi linzamin zoben ka rataye, kar ka sake sa mishi kowane irin ƙarfe a baki sai ciwon ya warke sarai, ka riƙa wanke wajen da ruwan gishiri mai ɗan ɗumi safe da yamma, in za ka fita da shi ka ja shi da ragama kawai. Dokin da ke wurga kai in an ja shi ba taurin kai yake ba yawanci, zafi yake gudu, kai kuma da ka ƙara mishi ƙarfe mai nauyi sai aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago.

Fara da bakin, ba da kasuwa ba

Ka buɗe leɓen dokinka ka duba. A gaba akwai haƙoran yankan ciyawa, shida sama shida ƙasa, can ciki kuma turame, tsakaninsu akwai fili da ba haƙori ko ɗaya sai dasashi. To a filin nan linzami ke zama, kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne dasashin wajen ƴar fata ce siririya a kan ƙashin muƙamuƙi, ba nama ba tsoka, in ka sa babban yatsa ka danna za ka ji ƙashin da kanka. Sauran wuraren da ƙarfen ke taɓawa su ne harshe, gefen leɓe, ganɗa, in kuma mai zobe ne ko mai sarƙa har da ƙarƙashin haɓa.

Sannan shekarunshi. Doki yana famfarar haƙora tun daga shekara 2 da rabi har zuwa 4 da rabi, na tsakiya su fara zuba a biyu da rabi, na kusa da su a uku da rabi, na gefe a huɗu da rabi, turamen nono ma suna zuba a tsakanin nan, fiƙa kuma ta ɓullo wa namiji wajen shekara 4 zuwa 5. Bakin doki ba ya cika sai ya kai 5. Kenan in mai sayarwar bai yi maka ƙarya ba, dokinka yanzu haka yana tsakiyar famfara, dasashinshi a kumbure, wataƙila ma akwai haƙorin nono da ya girgiɗe bai gama fita ba. Za ka iya gwada gaskiyar shekarun ma da kanka, in na tsakiya manya ne masu faɗi na kusa da su kuma suna girgiɗi ko sun zube sababbi na fitowa, to uku da rabin ne.

Akwai kuma wani ɗan ƙaramin haƙori da wasu dawaki ke da shi, yana manne a gaban turmin farko na sama, masu faransanci suna ce mishi haƙorin kyarkeci. Bai fi ƙwayar masara ba amma daidai inda linzami ke kaiwa yake in an ja, ƙarfe ya buge shi doki ya zabura. Likitan dabbobi yana cire shi cikin ɗan lokaci. Haka nan muƙamuƙin doki na sama ya fi na ƙasa faɗi, saboda haka turamen ba su cinyewa daidai, na sama sai su yi kaifi ta wajen kunci na ƙasa ta wajen harshe. Ka sa tafin hannu a kuncinshi daga waje ka ɗan danna a kan layin turamen, in ya fizge kai to akwai kaifi. In kana ganin yana zubar da dunƙulen harawa da ya tauna, ko kana ganin gero ɗanye a kashinshi, shi ma alama ce. Wannan goge shi ake yi da magagari na musamman, kuma aikin likita ne ba nawa ba, ni dai na san alamun. Kar ka kuskura ka cusa yatsu tsakanin turame don ka ji kaifin, yana datse yatsa kamar wasa.

Ka duba bayanshi ma da kunnuwa kafin ka ɗora wa baki laifi duka. Sirdinmu na icce in bai zauna daidai ba ko shimfiɗar ƙarƙashinshi ta yi tsamurmuri yana cin gadon baya, doki kuma in bayanshi na ciwo sai ya lotsa bayan ya ɗaga kai. Kaska a cikin kunne ma tana sa shi girgiza kai duk rana.

Linzaminmu na zobe

Ba zan zagi linzamin gargajiya ba, da shi iyayenmu suka hau, da shi ake zamiya gaban fadar Sarkin Damagaram ran sallah doki ya taho a sukwane ya zauna kan ƙafafun baya ƙura ta tashi. Amma ka san yadda yake aiki. Yana da harshen ƙarfe da ke kwance a kan harshen doki, da zobe da ke zagaye muƙamuƙin ƙasa, da ƙafafu biyu da suka sauko inda ake ɗaura kamazuru. Da ka ja, ƙafafun su juyo baya, harshen ƙarfen ya miƙe ya doki ganɗa, zoben ya matse haɓa, sandar ta danne dasashi, wuri uku a lokaci ɗaya. Kuma ƙarfin da ka sa ba shi ke isa bakin ba, ninkuwa yake yi, kamar ƙarfen nan da mai faci ke ɓanɓare taya da shi, iya tsawon ƙarfen iya ƙarfin da yake ba ka. Shi ya sa dokinka ke wangale baki, yana neman ya nisanta ganɗarshi da ƙarfen ne, ya wurga kai sama don can ne kawai hanyar da ta rage mishi.

In ka lura da tsofaffin mahaya na gaske, waɗanda suka tashi a barga, za ka ga kamazurunsu a sake yake yana lilo, hannu ɗaya, juyawa da jingina igiyar a wuyan doki ake yi, tsayawa kuma ɗan ɗaga yatsu ne doki ya riga ya gane. Linzamin na nan a baki amma da wuya a yi amfani da ƙarfinshi. Wato kaya ne na dokin da ya gama karatu, ɗan shekara 6 ko fiye, a hannun mutumin da hannunshi ya kwanta. Abin da nake gani yanzu a wajen samari shi ne an ɗauki linzamin ba a ɗauki hannun ba, ana fizga don doki ya yi rawa mutane su yi tafi, kumfa ja na zuba. Na duba bakin dawaki da harshensu ya tsage rabi saboda haka, wani kuma ƙashin dasashin ya yi ƙullutu, irin wannan dokin shi ake ce wa mai taurin baki alhali jijiyoyin wajen ne suka mutu.

In lokacinshi ya yi nan gaba za ka sa mishi na zoben, kar ka sayi wanda aka riga aka ƙera aka baza a kasuwa, ka kai maƙerin wajen dokin ya auna. Harshen ƙarfen ya zama gajere mai faɗi bakinshi a dakushe, zoben ya bar wurin da yatsu biyu za su shiga tsakaninshi da haɓa in kamazuru na sake, duk inda aka yi walda a goge shi sumul har ka shafa a leɓenka ba ka ji komai ba, sannan ka ba baduku ya naɗe ƙasan zoben da fata mai laushi. Dukawan garin nan ba abin da ba su iya ɗinkawa in ka nuna musu.

Wanda za ka saya yanzu

Abin da duƙushi ke buƙata shi ne linzami mai gaɓa, wanda ba ƙafafu ba zoben haɓa, ƙarfe ne mai santsi da ya karye a tsakiya da ƙawanya ɗaya kowane gefe, kamazuru a jikin ƙawanyar kai tsaye. Masu faransanci file suke ce mishi, in za ka sa a kawo maka daga Yamai ko wajen masu kayan folo na Kano da Katsina. Amfaninshi shi ne abin da ka ja shi ke isa baki ba ƙari, kuma in ka ja dama doki yana jin dama ce ba hagu ba, wanda shi ne abin da mai koyo ke buƙata ya gane.

Iri biyu za ka fi samu. Mai gaɓa ɗaya in an ja hannu biyu yana naɗewa ya matse harshe da gefen muƙamuƙi, ƙoƙon gaɓar kuma kan iya taɓa ganɗa in dokin ganɗarshi ta yi ƙasa. Mai gaɓa biyu yana da ɗan guntun ƙarfe a tsakiya da ke kwantawa a kan harshe, bai matsewa haka, kuma ni shi na fi so wa dawakinmu don bakinsu ƙanƙane ne. Amma ba doka ba ce, akwai dokin da ya fi natsuwa da mai gaɓa ɗaya, shi zai gaya maka. Ƙawanyar gefe kuma, akwai wadda ke juyawa a cikin rami, tana da kyau amma tana iya tsunkule leɓe in ramin ya ci, akwai wadda aka kafe mai siffar D, akwai mai tsinke sama da ƙasa. Ga duƙushi ka nemi mai D ko mai tsinken, don in ka ja gefe ɗaya ɗaya gefen yana tura fuskar ya taimaka mishi ya gane juyawa, kuma ƙarfen bai zarcewa ta cikin baki ya fito.

Awo. Nan ne kusan kowa ke faɗuwa, a sayi linzami kamar ana sayen guga. Ka sami ɗan icce mai santsi kaurin alƙalami, ka sa mishi a baki a wajen da ba haƙora, ka ɗaga shi har gefen leɓe, ka yi alama dama da hagu daidai inda leɓen ya ƙare, ka fiddo ka auna. Sai ka ƙara kamar rabin santimita kowane gefe. Ana ƙera su 11,5 da 12,5 da 13,5 da 14,5 a santimita, kuma dawakinmu na nan masu siririn baki yawanci 11,5 ne ko 12,5. Na gwanjo da ake kawowa daga Turai sau da yawa 13,5 ne zuwa sama don an yi su ne wa manyan dawakin can, in ka sa wa naka sai ya riƙa zamewa dama da hagu yana gurzar dasashi, gaɓar ta rataye ƙasa tana bugun haƙora. In kuma ya yi kaɗan ƙawanyar ta matse leɓe ta yi mishi gyambo. Kauri kuma milimita 14 ya ishi yawancinsu, 16 in bakin na da wuri. Ana cewa mai kauri ya fi sauƙi, gaskiya ne siriri ya fi yanka, amma in ka cusa ƙato a ƙaramin baki doki bai iya rufe baki ya haɗiye miyau, ba ka yi mishi gata ba.

Tsayin da zai zauna kuma da fatar kai ake daidaita shi. Ka ja har ƙarfen ya taɓa gefen leɓe fatar wajen ta ɗan tattare sau ɗaya, in ta yi yawa biyu. In ya sauka ƙasa da haka zai riƙa bugun haƙori, dokin kuma ya koyi ɗora harshe a kan ƙarfen, wanda in ya saba da shi raba shi da ɗabi'ar aiki ne. In ya hau sama da yawa kuma bakin na nan a ɗaure kullum ko ba ka ja ba, to ta ina zai gane bambancin ja da saki? Ramukan fatar dama da hagu su zama ɗaya, ka tsaya a gabanshi ka duba. Kuma mai gaɓa yana da gaba da baya, ka naɗe shi a hannu, in ɓangarorin biyu suka kwanta lif a kan juna to lanƙwasar nan ita za ta bi bayan harshe, in suka ƙi haɗuwa ka juya shi. Fatar hanci in akwai, yatsu biyu su shiga a kan karan hancin. Kar wani ya ce maka ka ɗaure bakin tamau don ya daina buɗewa, zafin na nan, ka hana shi faɗa ne kawai.

Maganar ƙarfen kanshi, inoks, wato farin ƙarfe irin na cokali, ya fi, bai tsatsa bai ɓarewa. Baƙin ƙarfe na maƙera shi ma ba laifi, ƴar tsatsa mai laushi ma tana sa doki tauna da miyau, amma in ta ci ta yi ramuka a jefar. Wanda na ƙi jini shi ne mai arahar nan mai ƙyalli da aka yi wa fenti na ƙarfe, wata biyu ya fara ɓarewa ɓawon kamar reza. Na roba kuma a garinmu ban cika ba da shawararshi ba don in baki ya bushe gurza yake yi, duƙushi kuma taune shi zai yi. Sannan ka tuna inda muke, a Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, linzamin da aka rataye a rana ko kai ba ka iya riƙe shi, ka tsoma shi a ruwa kafin ka sa. Da hunturu leɓe ke tsagewa, ka shafa ɗan man kaɗanya a gefen bakin. Kuma a wanke bayan kowane hawa, busasshen miyau da dusa in suka daskare a kan ƙarfe su ma ciwo suke ji mishi.

In bakin ya warke ga yadda nake farawa. Kwanakin farko in sa linzamin a kan ragama ba kamazuru, minti goma ko sha biyar, ya tauna ya yi wasa da shi, ja kuma da ragamar nake yi. Daga nan in tsaya a gefen kafaɗarshi a ƙasa, in ɗan ja igiya ɗaya a hankali in riƙe, ba fizga ba ƙari, in jira. Zai yi gardama, zai ɗaga kai, ni dai ina riƙe daidai yadda na fara. Da ya ɗan karkato hanci ko da faɗin yatsa ne sai in saki gaba ɗaya nan take in shafa wuyanshi. Sakin nan shi ne karatun, da shi yake gane abin da ake so, in ka makara da daƙiƙa uku ma ka koya mishi wani abu daban. Dama da hagu, kullum kaɗan. In ka hau kuma tsayawa da zama take farawa, ka nutsa a sirdi ka yi mishi murya, hannu ya zo a ƙarshe.

Igiyoyin da ka gani a bidiyo

Ba iri ɗaya ba ne, kuma daga bayaninka ban iya tantance wadda ka gani ba, don haka bari in bi su. Amma hukunci ɗaya ya hau kansu duka, ba a taɓa ɗaura ko ɗaya daga cikinsu a linzamin zobe ko wani linzami mai ƙafafu. Kan mai gaɓa kawai aka yi su. Kuma ba a sa wa dokin da ke neman miƙewa tsaye, wanda kai da bakinka ka ce naka na yi. Doki in ya ji an kulle mishi gaba ba mafita sama yake yi, in ya miƙe kan a ɗaure bai iya miƙa wuya ya dawo da nauyinshi gaba, sai ya kife ta baya. Ƙeyarshi in ta bugi ƙasa yana iya mutuwa nan take, kai kuma kana ƙarƙashi ga ƙoƙuwar sirdin icce a cikinka. Wannan ba tsoratarwa ba ce, ana yi.

Ta farko ita ce igiyar gefe, guda biyu, kowace daga majayi zuwa ƙawanyar linzami, yawanci da roba a tsakiya don ta ɗan ba da wuri. Wannan ba ta hawa ba ce sam, ana sa ta ne in mutum na ƙasa yana zagaya doki da doguwar igiya mai mita 7 ko 8, da'irar ta kai faɗin mita 15 ko fiye. Ka nemi fili mai rairayi, ba wajen duwatsun nan na bayan Birni ba, da sassafe ko bayan la'asar. Sai doki ya iya zagayen da ragama kawai tukuna, yana tafiya yana sassarfa yana tsayawa da murya, kafin a yi zancen igiya. Ran da za a sa, a bar shi ya yi minti goma a sake jikinshi ya yi ɗumi, sannan a ɗaura a ramin da ya fi tsawo yadda da ƙyar ma zai ji ta, ta waje tukuna sannan ta ciki, tsawonsu ɗaya, a tsayin tsakiyar haƙarƙari ba can ƙasa ba, kuma da an ɗaura a tura shi gaba kar a bar shi tsaye yana tunani. Minti biyar kowane gefe ya isa a farko, duka aikin kar ya wuce minti ashirin, a kwance ta ya miƙe wuya ya huta. Ana rage tsawon rami ɗaya bayan kwanaki, ba a rana ɗaya ba. Iyakar ragewar kuwa, ka ɗauka an sako zare daga goshinshi zuwa ƙasa, hancin ya kasance gaba da zaren da kamar faɗin tafin hannu. Ba a jan doki a hanya da ita a ɗaure, ba a barinshi a turke da ita. Masu ɗaure kan doki a sirdi su tafi su bar shi awa biyu wai wuyanshi ya karye, azaba ce kawai, tsokar ƙasan wuya ce ma ke ƙara ƙarfi don da ita yake gardama.

Ta biyu, kuma ina zaton ita ka gani, tana tasowa daga majayi ta tsakanin ƙafafun gaba ko ta gefe, ta shiga ƙawanyar linzami daga ciki zuwa waje ta dawo hannun mahayi, ita ce masu faransanci ke ce wa igiyar Jamus. Don tana zarcewa ta cikin ƙawanya, ƙarfin hannunka kusan ninki biyu yake zama, kuma ƙasa da ciki take jan kan. Ƙa'idarta ita ce ana riƙe ta tare da kamazuru na ainihi, igiya huɗu kenan a hannu, kamazurun ke aiki ita kuma tana sake, sai doki ya wurga kai ya wuce iyaka ya ci karo da ita, da ya sauko ta sake saki. Wanda bai iya raba yatsunshi haka ba zai ƙare yana hawa da ita kaɗai, haɓar doki ta manne a ƙirji. A hoto yana da kyau, na yarda. Amma dokin bai ganin gabanshi sosai, maƙogwaronshi a matse kuma doki ta hanci kawai yake numfashi, bayanshi a lotse ƙafafun baya na jan ƙasa. Mafi muni ya koyi ɓoyewa bayan linzami, ranar da ya kwasa da gudu ka ja sai ya naɗe wuya ya ci gaba, ba birki. Su kansu turawan rigima suke a kai, a 2010 hukumar wasannin dawaki ta duniya FEI ta ce lanƙwasa wuyan doki da ƙarfin tsiya ba abin yarda ba ne. Ni ba zan ba ka shawarar ka saye ta ba.

Ta uku ita ce wadda za ta iya yi maka amfani nan gaba, martingal mai ƙawanya. Fata ce daga majayi ta tsakanin ƙafafu, a ƙirji ta rabu biyu kowane reshe da ƙawanya, kamazuru ya bi ta ciki, da wata fata da ta zagaye wuya ta riƙe ta. Ba ta jan kai ƙasa, in kan na inda ya kamata ba ta aikin komai, sai ya ɗaga ya wuce misali take sa jan ya dawo kan dasashi, ta kuma kare maka hanci daga ƙeyarshi. Awonta, ka ɗaga ƙawanyun sama su kai maƙogwaronshi inda kai ya haɗu da wuya, in ba su kai ba ta yi gajarta. In kana kai hannunka a daidai, kamazuru ya tafi miƙe daga hannu zuwa baki ba karyewa a wajen ƙawanyar. Kuma dole a sa ƴan guntayen fata ko roba a jikin kamazuru kusa da linzami don kar ƙawanyar ta zame ta maƙale a maɗaurin, in ta maƙale kan ya kulle, mun koma maganar kifewa. Akwai wasu irin, shambon da gog, masu bi ta ƙeya, waɗannan bar su sai da mai koyarwa a gefenka.

Wuyan nan mai lanƙwasa da ke burge ka daga ƙafafun baya yake zuwa. In doki yana turo ƙafafun baya ƙarƙashin cikinshi gadon baya ya ɗago, wuya da kanshi yake sauka ya yi baka. Abin da ke kawo shi kilisa ce mai yawa a tafiya da sassarfa, da'ira manya, tsayawa da tashi, hawa tudun rairayi a hankali, wata da watanni.

Hawan sallah kuwa ɗana, gaskiya bana ba ta dokinka ba ce. Duƙushi mai famfara da ciwo a baki, ga kakaki ga tambura ga bindiga ga jama'a ta ko'ina, a wajen nan dole ka ja da ƙarfi kuma duk abin da ka gina zai rushe a yini ɗaya. Ka ari babban doki wajen ƴan uwa ka hau, shi kuma ka sa yaro mai hankali ya riƙe shi da ragama can nesa ya ga taron ya ji ƙarar ya saba. Ban ga dokin da idona ba, duk abin da na faɗa daga bayaninka ne, don haka ka fara kai shi wajen likitan dabbobi ya duba haƙoran da ciwon. In ka sami linzami mai gaɓar ka sa mishi ka ɗauko min hoto biyu, ɗaya daga gaba ɗaya daga gefe kusa da bakin, da awon iccen da ka yi, sai in gaya maka ko a ɗaga rami ɗaya ko a sauke.